Ramadan: Wanda ya ci ko ya sha da mantuwa, zai rama ko azuminsa na nan?

Da zarar an sanar da ganin watan Ramadan, akwai tambayar da ba ta ɓacewa a shirye-shiryen fatawa na gidajen rediyo, a wuraren tafsiri da kuma zaurukan WhatsApp na ƴan gida da na ƴan ci-rani: mutum ya sha ruwa ko ya kai loma baki, ya manta yana azumi, mene ne matsayin azuminsa? An fi jin ta a kwanakin farko, lokacin da jiki bai gama sabawa ba. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a inuwa ya fasa ledar ruwa kamar kullum, uwa tana ba yaro kunu ta kurɓa don ta ji ko ya huce, ma'aikaci ya farka daga barcin rana ya nufi randa, dattijo ya ɓantari goro kafin ya tuna.

Tambayar ɗaya ce, amma amsar da matashi ke samu a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai biyu ce. Malamin unguwa da ya yi karatun zaure zai ce masa ya kame bakinsa har faɗuwar rana, bayan salla ya rama kwana ɗaya. Ya buɗe wayarsa kuma ya ji wani malamin na cewa azuminsa na nan daram, babu ramuwa. Daga nan sai musu ya ɓarke a fada: wannan ya ce an saɓa wa hadisi, wancan ya ce an raina mazhaba.

Wannan saɓani ya haura shekara dubu, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ya kafa a kai. Sanin hujjojin na kashe musun, yana kuma kare mai azumi daga wani kuskuren da ya fi na farko tsada.

Mantuwa daban, kuskure daban

A bakin jama'a duka "kuskure" ake cewa, amma malaman fiƙihu sun rarrabe. Mai mantuwa shi ne wanda ya san yana ci, abin da ya ɓace masa shi ne cewa yana azumi. Mai kuskure kuwa yana sane da azuminsa, sai dai bai nufi abin da ya faru ba: ruwan alwala ya zarce masa maƙogwaro, ko ya sha ruwa da zaton rana ta faɗi alhali tana nan. Akwai kuma wanda aka tilasta, da wanda bai san hukunci ba. Sai mai ganganci, wanda ya san yana azumi, ya san haramun ne, ya kuma ci.

A kan mai mantuwa da mai kuskure, malamai sun haɗu a kan cewa babu zunubi. Suna kafa hujja da aya ta 286 ta Suratul Baƙara, inda aka koya wa muminai roƙon kada a kama su da laifin mantuwa ko kuskure, da aya ta 5 ta Suratul Ahzab da ta ɗora laifi a kan abin da zuciya ta yi da gangan. Akwai kuma hadisin Ibn Abbas da ɗaliban Islamiyya suka sani a matsayin na 39 cikin Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, wanda ke nuna an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta ta a kai.

Haka kuma babu mazhabar da ta ɗora kaffara a kan wanda ya ci ko ya sha da mantuwa. Iyakar inda aka rabu shi ne: zai rama wannan rana ko kuwa?

Hadisin da kowa ya yarda da ingancinsa

Tushen maganar hadisi ne na Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya manta ya ci ko ya sha yana azumi da ya cika azuminsa, ya kuma bayyana cewa abin da ya shiga cikinsa ciyarwa ce da shayarwa daga Allah.

Mazhabobin Hanafiyya, Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki hadisin a kan zahirinsa. A wurinsu tunda an kira abin da mutumin zai cika da sunan azumi, to azumin bai karye ba, na farilla ne ko na nafila. A Shafi'iyya, maganar da Imam Nawawi ya rinjayar ita ce ko abincin ya yi yawa hukuncin bai canzawa, muddin mantuwar ta gaskiya ce.

Suna ƙarfafa wannan da wata ruwaya ta Ibn Khuzaima, Ibn Hibban, Hakim da Daraƙuɗni, wadda ta ambaci Ramadan da sunansa, ta kuma kore ramuwa da kaffara baki ɗaya daga wanda ya ci da mantuwa. Ibn Hajar ya kawo ta a Bulugul Maram ya ce ta inganta.

Su kansu malaman Hanafiyya sun yarda cewa da ƙiyasi kaɗai za a bi, da an ce azumin ya karye, domin abinci dai ya shiga ciki. Sun bar ƙiyasin ne saboda nassi ya zo, kuma a littattafansu na usulu ana kawo wannan mas'ala a matsayin misali na barin ƙiyasi don hadisi.

Me ya sa Malikiyya ke cewa a rama?

Mazhabar Imam Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan hijira, ita ce aka gada a Nijar da mafi yawan Afirka ta Yamma da ta Arewa. A cikin Muwaɗɗa, Malik ya bambanta tsakanin azumi biyu: wanda ya ci da mantuwa a Ramadan ko a wani azumi na wajibi zai rama kwana ɗaya, wanda kuma ya yi haka a azumin nafila zai cika yininsa, babu komai a kansa. Malaminsa Rabi'a ma an ruwaito yana ganin ramuwa.

Wannan hukunci ne ya gangaro cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, da Muhtasar na Shehu Halil. Saboda haka malamin unguwa da ya ce a rama ba daga kansa ya ƙago ba.

Hujjarsu ita ce, kame baki daga ci da sha shi ne ginshiƙin azumi. Idan ginshiƙi ya faɗi, ibada ba ta tsaya ba, ko da mantuwa ce ta kayar da shi. Suna ba da misali da salla: wanda ya manta raka'a ba shi da zunubi, amma sai ya kawo ta. A fahimtarsu hadisin Abu Huraira ya zo ne don ya ɗauke laifi ya kuma umarci mutum ya ci gaba da kamewa, bai yi maganar ramuwa ba. Wasu daga cikinsu kuma sun ɗora hadisin a kan azumin nafila.

Sai dai a cikin gidan Malikiyya ma ba kowa ya tsaya a nan ba. Imam Ƙurɗubi, malamin tafsirin nan na Andalus da ya rasu a shekara ta 671 bayan hijira, Bamalike ne, amma da ya zo bayanin aya ta 187 ta Suratul Baƙara ya kawo maganar Malik, ya kawo ta sauran malamai, sannan ya rinjayar da ta sauran saboda hadisin. Ya yi haka bai fita daga mazhabarsa ba, bai kuma aibata limaminsa ba.

Haɗarin na cikin sauran yinin

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami shi ne bayan sun tuna. Wani da ya ga ya riga ya sha ruwa sai ya ce ai azumi ya tafi, bari ya ƙarasa da tuwo. Babu mazhabar da ta ba shi wannan dama. Waɗanda suka ce azuminsa na nan sun wajabta masa ci gaba domin yana cikin azumi. Malikiyya da suka ce zai rama su ma sun wajabta masa kamewa har magariba saboda alfarmar watan.

Haka kuma idan ya tuna loma na bakinsa, sai ya tofar nan take. In ya haɗiye bayan ya tuna, ya fita daga sahun masu mantuwa ya shiga na masu ganganci.

A Malikiyya cin ganganci da rana a Ramadan na jawo ramuwa da kaffara. Kaffarar zaɓi ce cikin uku: ciyar da miskinai 60, kowane mudu ɗaya da mudun Annabi (SAW), wanda shi aka fi so, ko azumin wata biyu a jere, ko ƴanta bawa. Mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne na mutum madaidaici, bai kai ko kusa da tiyar kasuwa ba. Hanafiyya ma na ɗora kaffara a kan cin ganganci, yayin da Shafi'iyya da Hambaliyya suka taƙaita ta ga saduwar aure da rana, suka bar mai ci da ramuwa da tuba.

Akwai sassauci ɗaya da Muhtasar ya ambata. Wanda ya ci da mantuwa, sannan ya yi zaton da gaske cewa ci ya halatta masa tunda azumin ya lalace, ramuwa ce kawai a kansa, domin ya dogara ne da abin da malamai ke kira tawili makusanci. Amma wanda ya san bai halatta ba ya ci gaba da ci, wannan uzuri bai rufe shi ba.

Wannan duka bai shafi wanda ƙishirwa ko ciwo ya kai shi ga halin da yake tsoron cutuwa ba. Shi lalura ce ta sa ya sha, yana sane, kuma shari'a ta ba shi dama, har ta wajabta masa in ya ji tsoron halaka. Ramuwa ce a kansa ba kaffara ba. Waɗanda suka yi azumin 2022 da na 2023 cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, sun san wannan ba zancen littafi ba ne kawai.

Agogo ɗaya, faɗuwar rana daban-daban

Nau'i na biyu na kuskure shi ne na lokaci, kuma a nan ne zamani ya ƙara buɗe ƙofa. Aya ta 187 ta Baƙara ta sa iyakar ci da sha a fitowar alfijir, ta sa ƙarshen azumi a shigar dare. Duka biyun da rana ake auna su a wurin da mutum yake, ba da agogon babban birni ba.

Nijar gaba ɗaya agogo ɗaya take bi, amma ƙasa ce mai faɗi daga gabas zuwa yamma. Duniya na juya digiri ɗaya cikin minti 4. Yamai na kan digiri 2 da ɗan kai a gabas, Tawa ta haura 5, Maradi 7, Damagaram kusan 9, Diffa ta wuce 12 da rabi. Lissafin ya nuna rana na faɗuwa a Tawa kimanin minti 13 kafin Yamai, a Maradi kimanin minti 20, a Damagaram kusan minti 28, a Diffa kuwa sama da minti 40.

Ma'anar haka ita ce, ɗan Damagaram da ke zaune a Yamai, wanda ya ji kiran magariba ta waya yana hira da gida ko a shirin kai-tsaye na Facebook ya kai dabino baki, ya sha ruwa kusan rabin awa kafin lokacinsa. A sahur abin juyawa yake: alfijir na riga fitowa a gabas, don haka mazaunin Maradi ko Damagaram da ya bi jadawalin Yamai da aka turo masa a WhatsApp zai ci gaba da cin abinci bayan alfijirinsa ya keto. Masu kallon tashoshin Saudiyya kuwa su tuna magaribar Makka na riga ta Yamai da fiye da awa biyu.

Hukuncin wanda ya ci da zaton dare ne sannan ta tabbata alfijir ya fito, ko ya sha ruwa da zaton rana ta faɗi sannan ta bayyana, a mazhabobi huɗu shi ne ramuwa ba tare da kaffara ba. Wasu malamai, cikinsu har da Ibn Taimiyya, sun tafi a kan cewa babu ramuwa in mutum ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tantance lokacin.

Ranar da gajimare ya rufe rana a Madina

Irin wannan ya faru tun zamanin farko. Bukhari ya ruwaito daga Asma'u ƴar Abubakar (RA) cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) sun taɓa shan ruwa a ranar da hadari ya rufe sama, sai rana ta sake bayyana. An tambayi Hisham ɗan Urwa, ɗaya daga masu ruwayar, ko an umarce su da ramuwa. A wata ruwaya ya nuna babu makawa sai an rama, a wata kuma ya ce bai sani ba ko sun rama. Wannan ne ya bar ƙofar saɓani a buɗe.

A Muwaɗɗa ma an kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya sha ruwa a ranar gajimare, sai aka zo aka shaida masa rana ta fito. Bai ɗaga hankali ba, ya nuna al'amarin mai sauƙi ne tunda sun yi iya bincikensu. Malik ya fassara sauƙin da cewa kwana ɗaya ne kawai za a rama.

Wannan mas'ala za ta ƙara shafarmu. Ramadan na matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Na 2025 ya kama cikin Maris, masu biyo baya kuma na shiga Fabrairu da Janairu, wato tsakiyar hunturu. A ranar da hazo ya yi kauri, rana kan ɓace wa ido tun tana sama, gari ya yi duhu-duhu alhali magariba da saura. A irin wannan rana ido kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da jadawalin garin da ladanin da aka san yana kiyaye lokaci.

Malamai sun kuma bambanta kokwanto biyu. Wanda yake shakkar ko rana ta faɗi bai halatta ya sha ruwa ba, domin asali yini na nan. In ya sha, zai rama sai fa in ta tabbata daga baya cewa ta riga ta faɗi. Wanda yake shakkar fitowar alfijir kuwa, mafi yawan malamai sun ce azuminsa ya yi matuƙar bai tabbata ya ci bayan alfijir ba. Malikiyya sun fi tsanantawa: Risala ta hana mai shakka ci, kuma in ya ci a azumin farilla shakkar ba ta gushe ba, zai rama.

Kiran farko da layin "imsak"

Masallatai da yawa a garuruwanmu na yin kira biyu da asuba, kuma hakan na da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a Madina Bilal (RA) na kira tun da sauran dare, mutane su ci gaba da sahur har sai Ibn Ummi Maktum (RA) ya yi nasa kiran bayan alfijir ya fito. Saboda haka wanda ya sha ruwa bayan kiran farko bai yi kuskuren komai ba. Abin lura shi ne mutum ya san tsarin masallacin unguwarsu, musamman baƙo, kada ya ɗauki kira na biyu a matsayin na farko.

Haka nan jadawaloli da dama na ɗauke da wani layi mai suna imsak, ƴan mintoci kafin alfijir. Rigakafi ne aka sa don mutum ya kimtsa. Wanda ya ci tsakanin imsak da alfijir azuminsa lafiya lau.

Ƴan ci-rani da manhajar waya

Ga ƴan Nijar da ke waje, tarkon ya fi yawa. Agogon Gana, Togo da Kodebuwa na bayan na Nijar da awa ɗaya, na Libiya na gaba da awa ɗaya. Maroko, inda ɗalibanmu ke karatu, ta saba mayar da agogonta baya da awa ɗaya a lokacin Ramadan. Faransa, Beljiyam da sauran ƙasashen Tarayyar Turai na tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, abin da ya faɗo cikin azumi a ranar 31 ga Maris 2024. Amurka na yin nata a Lahadi ta biyu ta Maris, kuma a 2025 ya kama ranar 9 ga wata, ana tsakiyar azumi. Jadawalin takarda da bai yi la'akari da canjin ba, ko agogon da ba a gyara ba, na iya jefa mutum cikin kuskuren awa guda cur.

Manhajojin lokutan salla su ma ba bakinsu ɗaya ba a kan alfijir, domin kowace na lissafi ne da nisan rana a ƙarƙashin sararin gabas. Tsarin Rabiɗa na amfani da digiri 18, na Ummul Ƙura 18 da rabi, na Masar 19 da rabi, wanda ya yaɗu a Arewacin Amurka 15, wani da ake bi a Faransa kuma 12. A ƙasashen da ke can arewa tazarar da ke tsakanin waɗannan na iya zama babba. Shi ya sa abokai biyu a ɗaki ɗaya kan ga wayoyinsu sun saɓa. Mafita ita ce mutum ya bi masallacin garin da yake zaune, ya kuma tabbatar wayarsa ta gane inda yake, ba garin da ya baro ba.

Matafiyi a jirgin sama kuwa da ranar da yake gani zai yi aiki. Muddin yana hango ta ta taga, bai sha ruwa don lokacin garin da ke ƙasa ya yi. Ko a doron ƙasa tsawo na tasiri: a 2011 malaman Dubai sun ba da fatawar cewa mazauna benayen sama na Burj Khalifa su jinkirta shan ruwa da minti 2 zuwa 3, domin suna ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa.

Alwala, ƙura da bakin tukunya

Ruwan kurkurar baki ko shaƙa hanci da ya zarce maƙogwaro ba da nufi ba shi ma an yi saɓani a kansa. Malikiyya sun ce a rama in azumin farilla ne, Hanafiyya ma ramuwa suka ce matuƙar mutum na tune da azuminsa. Shafi'iyya sun duba ko ya wuce kima: in ya zurfafa zai rama, in bai zurfafa ba babu komai. Hambaliyya sun ce azumin bai karye ba tunda bai nufa ba. Dukansu sun yarda mai azumi ya sassauta, saboda hadisin Laƙiɗ ɗan Sabira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya cire mai azumi daga umarnin kai matuƙa wajen shaƙa ruwa.

A wasu wuraren kuma Malikiyya na da sauƙin da ya dace da rayuwar Sahel. Muhtasar ya lissafa abubuwan da babu ramuwa a kansu in sun rinjayi mutum: ƙudan da ya faɗa baki, ƙurar hanya, ƙurar gari ga mai niƙa, ƙurar awo ga ma'aunin hatsi, da aman da ya taso da kansa matuƙar ba a mayar da wani abu ciki ba. Ɗan kabu-kabu da ke yini cikin ƙura da mai injin niƙa a kasuwa ba su da abin damuwa a nan. Wanda ya janyo amai da gangan shi ne zai rama.

Ɗanɗana miya kuwa, Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas (RA) cewa babu laifi a ɗanɗana abin da ke tukunya. Malikiyya na ganin makaruhi ne. In an yi, a tofar, in kuma wani abu ya wuce maƙogwaro ba da nufi ba sai ramuwa. Matar da ta manta gaba ɗaya tana azumi ta haɗiye, hukuncinta na mai mantuwa ne da aka yi bayani a sama. Haka wanda ya saba haɗiyar ƙwayar magani da safe ko ya kunna taba ya zuƙa kafin ya tuna.

In ka ga mai azumi yana ci

Akwai masu cewa a ƙyale shi ya ƙoshi tunda Allah ne Ya ciyar da shi. Mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba. Sun ce a tuna masa, domin shi yana da uzuri, mai kallonsa kuwa ba shi da shi. Ga mai bin Malikiyya ma tunatarwar tun kafin ya kai baki na cece shi daga ramuwa. Malaman Hanafiyya sun yi wani rangwame: in tsoho ne ko mai rauni da azumi ke wahalarwa, ana iya barinsa, in matashi ne mai ƙarfi, a tuna masa.

Tunatarwa dai ba tozartawa ba ce. Wanda ka gani yana shan ruwa da rana na iya zama matafiyi, marar lafiya ko mace mai uzuri.

Yaushe ake ramawa?

Wanda ramuwa ta hau kansa na da lokaci daga bayan ranar ƙaramar salla har zuwa Ramadan mai zuwa, ban da ranakun da aka hana azumi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) kan kai watan Sha'aban kafin ta biya bashinta. Wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya shigo, a Malikiyya, Shafi'iyya da Hambaliyya zai rama ya kuma ciyar da miskini ɗaya a kan kowace rana. Hanafiyya sun tsaya a kan ramuwa kaɗai.

To wanne za a bi?

Wanda ya bi maganar mafi yawan malamai bai rama ba ya dogara da hadisi ingantacce da fahimtar manyan limamai uku. Wanda ya bi Malikiyya ya rama ya bi limamin Madina, ya kuma sauke nauyin a wurin kowa, tunda babu malamin da zai ce akwai sauran bashi a kansa. Malamai da dama na son irin wannan fita daga saɓani in ba ta da wahala, kuma azumin kwana ɗaya ba shi da yawa.

Abin da ba shi da kyau shi ne yawon neman fatawa daga waya zuwa waya har sai an dace da mai daɗi, ko mayar da mas'alar fiƙihu makamin jifan juna tsakanin masallatai. Matambayi ba ya ɓata: a samu malamin da aka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, a faɗa masa yadda abin ya faru dalla-dalla, mantuwa ce ko kuskuren lokaci, farilla ce ko nafila, an ci gaba da ci bayan an tuna ko an tsaya, domin da waɗannan bayanai ne hukunci ke canzawa.

Kafin a kai ga malamin, abu uku ne kowa ya yarda da su: da ka tuna ka tsaya, abin da ke baki ka tofar, sauran yinin ka kame har rana ta faɗi a garin da kake.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya yafe mana abin da muka manta da wanda muka kuskure.